Karenmu ya mutu, hutun bakin teku ya zame mana makon ruwa da rigima

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Jos ce, aure ya kawo ni arewacin Ingila, ina aikin jinya a asibiti. Maigidana Bature ne Musulmi, yana da 'yar gonar tumaki da ya gada, da karnukan kiwo uku. Da na zo tsoronsu nake ji, ko kusa da su ba na zuwa. Amma babban cikinsu, wani baƙi da nake kira Duna, shi ya zama ɗan rakiyata. In na taso daga aikin dare, shi nake tararwa a bakin ƙofar gona yana jirana, a lokacin da ban san kowa ba a ƙasar nan. A watan Yuli ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa, ya daina cin abinci, likitan dabbobi ya ce babu sauran magani sai wahala. Maigidana ya kasa, ni na sa hannu aka yi masa allurar da ta raba shi da duniya. Maigidana ya binne shi a gona yara suna makaranta.

Tun watan Janairu muka biya kuɗin wani ɗan gida a Whitby, bakin teku, na mako guda a watan Agusta. Na ce a fasa, ya ce sauya wuri zai yi mana magani, kuma kuɗin ba za su dawo ba. Muka tafi da sauran karnuka biyun. Anti, tun da muka sauka ake ruwa har muka dawo. 'Yata mai shekara 11 ta kulle kanta a ɗaki, ta ce mun tafi yawo mun bar Duna. Ƙaninta mai shekara 5 sai tambaya yake yaushe Duna zai dawo. Karnukan kuma, macen ta rage cin abinci, namijin yana bina duk inda na sa ƙafa, ni kuwa ko kallonsu ba na son yi. Maigidana kullum sai ya sa rigar ruwa ya kwashe su ya fita, ya dawo a jiƙe bai ce komai ba. Wata rana na ce masa ba shi da zuciya. Har yanzu maganar tana tsakaninmu.

Na kira Yayata a gida don in samu sauƙi, sai ta ce in ji tsoron Allah, wa ya taɓa yi wa kare kuka, ko Turawa sun canja ni ne. Yanzu maigidana yana so mu koma Whitby a hutun makaranta na ƙarshen Oktoba, har ya fara maganar sayen ɗan kwikwiyo. Na yi zunubi ne da na sa hannu? Kukan nan laifi ne? Mu koma ko kada mu koma?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da rashi, Allah ya ba ku haƙuri, ke da maigidanki da yara. Da gangan na fara da wannan gaisuwa, domin na duba wasiƙarki daga sama har ƙasa ban ga inda wani ya yi miki ita ba.

Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Kin zo ƙasar da ba ki da uwa ba ki da uba, kina tashi daga aiki gari bai gama wayewa ba, jiki a mace, sanyi yana ratsa ƙashi, sai ki tarar da wata halitta a bakin ƙofa tana murnar dawowarki. Shekara da shekaru haka. Wanda bai taɓa zama baƙo a ƙasar sanyi ba zai yi wuya ya gane girman wannan, amma ke kin san abin da kika rasa, kuma ba sai kin nemi izinin kowa ba kafin ki ji zafinsa.

Game da kuka, ki kwantar da hankalinki. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami, Abu Umair, mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah (SAW) ya lura, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun nasa cikin lallashi. Bai ce masa tsuntsu ne kawai ba. Kin kuma san hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, har sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kyautata wa dabbobi, aka ce musu akwai lada a kan duk mai rai. Addinin da ya koyar da wannan ba zai kama ki da laifi don tausayi ya sa idonki ya zubar da hawaye ba. Abin da ake tsoro shi ne harshe ya furta kalaman ƙin yarda da ƙaddara, kuma ban ji ko ɗaya a bakinki ba.

Sa hannun nan, na san shi ke hana ki barci. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin ƙoda: in ta lalace ta tsawon lokaci ba ta komawa yadda take, kuma a jikin kare alamun ciwon ba sa fitowa sosai sai mafi yawan aikinta ya riga ya tafi. Daga nan dattin da ya kamata fitsari ya fitar sai ya taru a jini, ga tashin zuciya, ga amai, ga gyambo a baki, dabba ta ga abinci ta kau da kai. Duna yana wannan hali lokacin da aka miƙo miki takarda. Ba ke kika kawo masa ajali ba, ciwon ya riga ya yi aikinsa, abin da ya rage a hannunku shi ne yawan kwanakin da zai yi yana shan azaba. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, Mukhtasar na Shehu Khalil ya halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da tsammanin rayuwarta, masu sharhi kuma suka ce don a hutar da ita ne. Akwai malaman da suka fi son a bar dabba har ta mutu da kanta, saɓani ne sananne, amma ba ki taka wani abu da babu malamai a bayansa ba. In zuciyarki ta ƙi kwanciya, ki yi abu biyu. Ki kai maganar wurin malamin da kika yarda da iliminsa, ki ba shi labarin kamar yadda kika ba ni. Sannan ki koma wurin likitan dabbobin ki ce ya nuna miki sakamakon gwajin jinin Duna na ƙarshe. Ke mai karanta irin waɗannan lambobi ce, ganinsu da idonki zai yi miki abin da lallashina ba zai yi ba.

Yayarki ta ɓata miki rai, kuma ba ta kyauta ba, domin wanda ya kira ka yana kuka ba wa'azi ya zo nema ba. Amma ki dubi inda take tsaye. A gida kare na gadi ne ko na farauta, yana tsakar gida ko bakin zaure, ga tsoron cizon mahaukacin kare wanda har yau yana kashe mutane a ƙasarmu. Ta kuma ji hadisan da suka yi gargaɗi a kan ajiye kare ba tare da buƙata ba, sai dai wataƙila ba ta riƙe ƙarshensu ba, inda aka keɓe karen kiwo da na farauta da na gona. Naku na kiwo ne, da aikinsu suke ci. Ni a ganina ma ba karen ne ya tsorata ta ba. Tambayarta ta ƙarshe, ko Turawa sun canja ki, ita ce ainihin abin da ke cinta: ƙanwarta ta yi nisa, tana rayuwar da ba ta gane ba, tana tsoron wata rana za ta kira ta ji baƙuwa. Don haka kada ki tsaya kawo mata hujjoji a waya. In kun sake magana ki ce, “Yaya, karen nan shi ya riƙa tsare ni lokacin da ba ni da kowa, rashinsa ya tuna mini da kewar gida.” Wannan za ta gane shi. In ta sake komawa kan faɗa, ki sauya zance cikin ladabi, ki bar wannan baƙin cikin ga waɗanda za su iya ɗaukarsa tare da ke. Zumuncinku ya fi ƙarfin wannan saɓani.

Yanzu ga tafiyar. Ba ruwan sama ne ya ɓata muku hutu ba. An ɗora wa tafiyar aikin da ba za ta iya ba, wato ta warkar da mutum huɗu da ba su zauna sun yi maganar abin da ya same su ba, kamar a ɗaure gyambo ba a wanke shi ba. Da rana ta fito, da kun bazu a rairayi, kowa ya ɓoye nasa, ku dawo gida da shi yadda kuka tafi. Ruwan ya kulle ku ne a ɗan ƙaramin gida, ga tagogi sun yi raɓa, ga warin jiƙaƙƙen gashin kare, ga tawul a kan kowace kujera, ga kwanon abinci biyu a inda aka saba ajiye uku. Babu inda mutum zai kai idonsa. Abin da ke cikin kowa dole ya fito, kuma ya fito da kaifi.

Maigidanki ya yi kuskure da bai saurare ki ba lokacin da kika ce a fasa, kuma kawo maganar kuɗi a irin wannan lokaci ya yi nauyi. Amma ki sake karanta abin da kika rubuto mini da hannunki: shi ne ya kasa sa hannu. Mutumin da ba shi da zuciya ba ya kasawa a wannan wuri. Makiyayi da karensa aiki suke tare kullum, da fito da kira ɗaya kare ya san ko ya zagaya garke ta dama ko ta hagu, ko ya kwanta ya jira. Ya rasa abokin aikin shekaru, ya haƙa rami ya binne shi shi kaɗai. Maza da yawa, namu da nasu, ba su iya zama su ce abu ya yi musu ciwo ba, sai su nemi abin yi da ƙafa da hannu. Fitar nan da yake yi cikin ruwa ya dawo shiru, ina kyautata zaton kukansa ke nan, a inda ba za ku gani ba. Kuma kada ki manta, a makon nan shi kaɗai ya sauke haƙƙin karnukan biyu.

Kalmar da kika faɗa masa ki janye ta, kada ki jira ya fara. Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ko ma ki bi shi zagayen tumaki da yamma, domin irin waɗannan maza sun fi buɗe baki suna tafiya. Ki ce masa kin san maganar ba gaskiya ba ce, zafi ne ya sa. Sannan ki faɗi naki ba tare da zargi ba: kin so a tambaye ki, kin so ya ce miki shi ma yana jin rashin, kuma nauyin sa hannun ya zauna a kanki ke kaɗai. Ina jin bai san kina ɗauke da wannan ba. Ki tambaye shi yadda Duna yake yana ɗan kwikwiyo, kafin ki zo. Ki bar shi ya yi ta ba da labari ko da ya yi tsawo.

'Yarki ce ta faɗi gaskiyar gidan duka da ta ce kun tafi kun bar shi. An binne Duna tana makaranta, ta dawo ta tarar babu shi, kafin ta gama fahimta an ce a haɗa kaya a tafi shan iska. A idonta manya sun share shi ne kawai. Abin da ta rasa sallama ce, kuma ba a makara ba. Ku je ku huɗu inda aka binne shi, babanta ya nuna mata wurin, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake tunawa da shi. Ba sallar gawa ba ce, ba kuma wata ibada za ku ƙirƙira ba, iyali ne suka tsaya suka tuna da dabbar da ta yi musu hidima. Kaka lokacin dashen itace ne a Ingila, ku bar ta ta zaɓi wanda za a dasa a wurin. Ki ba ta wayarki ta tsamo hotunansa a wanke su, ta jera a littafi. Ki kuma gaya mata dalilin da ya sa ba a jira ta ba, in kuma kin ga da an jira ta da ya fi, ki faɗa mata haka. Yarinya mai shekara 11 tana gane gaskiya, kuma tana girmama wanda ya ba ta ita.

Ƙaramin kuwa, yaro a shekara 5 bai gama gane cewa mutuwa ba a dawowa daga ita ba, shi ya sa yake maimaita tambaya. Ki ba shi amsa ɗaya, gajeriya, kullum iri ɗaya: Duna ya yi rashin lafiya mai tsanani, ya mutu, ba zai dawo ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Ku guji ce masa ya yi barci ko ya yi tafiya, kada yaro ya fara tsoron kwanciya ko tsoron fitarki aiki.

Sai karnukan biyu, waɗanda ba su da bakin rubuto wasiƙa. Ƙin kallonsu da kike yi ba mugunta ba ce, ganinsu ne ke nuna miki gurbin wanda babu. Amma su ma abin ya taɓa su. A shekarar 2022 masu bincike, ciki har da na Jami'ar Milan, sun wallafa nazarin da suka yi da mutum 426 a Italiya waɗanda kare ɗaya ya mutu ya bar wani a gidansu. Kashi 86 cikin ɗari sun ga halin wanda ya rage ya sauya: neman kulawa fiye da da, rage wasa, yawan barci, rage cin abinci. Namijin da ke binki ba naci yake ba, ya rasa jagoransa ne yana neman wanda zai jingina da shi. Macen kuma kada ku ɗauka baƙin ciki ne kawai, in har yanzu ba ta koma cin abincinta sosai ba a kai ta likita ya duba, domin ciwo ma yana farawa da haka. Ba na ce ki so su kamar Duna ba. Ki ɗauki abu ɗaya tak ya zama naki, ko ba su abincin safe, ko zagaye na minti goma bayan kin taso aiki. Haƙƙinsu ne, kuma ana samun lada a kai ko zuciya ba ta gama sakewa ba.

Komawa Whitby na mako guda a Oktoba, ni ban goyi baya ba. Maigidanki yana so ya gyara abin da ya lalace ne, niyyarsa mai kyau ce, amma komawa gida ɗaya a zauna kwana bakwai da fatan wannan karon za a yi dariya, sake ɗora wa tafiya kaya ne. Ga shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin ƙarfe biyar duhu ya shiga. In an yi sallamar da na faɗa, an kuma tambayi 'yarki ta ce tana so, ku je na wuni ɗaya ko kwana biyu, a wurin da za a iya fasawa a karɓi kuɗi. Kowa ya sa a ransa za a yi ruwa, a tafi da takalman roba da tawul na karnuka daban. Akwai sauƙi ɗaya a lokacin: dokar hana karnuka shiga wasu sassan rairayin, wadda ke aiki daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, ta ƙare. In ruwa ya matsa, akwai tsohon jirgin ƙasa mai hayaƙi da ke bi ta tsaunuka tsakanin Whitby da Pickering, yaro ɗan shekara 5 ba zai manta da shi ba, ku dai duba jadawalinsa kafin ku tashi. In ruwan ya ɗauke, ku hau matakala 199 zuwa kangon tsohon ginin sufaye da ke bisa dutse. Ku duba lokacin cikar teku kafin ku sauka rairayi, musamman a Robin Hood's Bay inda ruwa ke dawowa ya rufe hanya. Ku riƙe karnuka da igiya a kan gadar tashar jiragen ruwa da bakin gangare, ku hana su shan ruwan gishiri. In kare ya faɗa teku kada kowa ya bi shi, masu ceto a teku na ƙungiyar RNLI kullum gargaɗin da suke yi ke nan, a kira 999 a nemi masu gadin gaɓar teku. In kuwa ke ko 'yarki kun ji ba ku shirya ba, ku zauna a gida ku yi dashen itacen nan, teku tana nan har bazara.

Maganar kwikwiyo ki raba ta gida biyu. Akwai buƙatar gona, kuma gaskiya ce: karen kiwo yana ɗaukar watanni da yawa kafin a fara koya masa aiki da tumaki, ya kuma daɗe kafin ya ƙware, don haka makiyayi dole ya yi lissafin gaba. Akwai kuma son cike gurbi da sauri don a daina jin zafi, wannan shi ne ba ya yiwuwa. Ki tambaye shi kai tsaye wanne ne ke tura shi. In aiki ne, ku tsayar da lokaci tare, misali bayan tumaki sun gama haihuwa a bazara, lokacin da macen nan ta murmure kuma yara sun sake. In lokacin ya yi, a tafi da 'yarki zaɓe, kada a nemo mai kamar Duna, kada kuma a maimaita sunan. Kafin nan maigidanki ya ɗauke miki ƙananan ayyukan da ke tayar da ciwo: ya sanar da ma'ajiyar bayanan 'yar na'urar shaida da ake sa wa karnuka a fata, ya soke inshora, ya ce wa asibitin dabbobi su daina turo saƙon tunatar da rigakafi.

Abu na ƙarshe game da ke kanki ne. Ƙungiyar Blue Cross tana da masu sauraron waɗanda suka rasa dabba, kyauta, ta waya ko ta imel, kuma ba za su yi mamakin hawayenki ba. In makonni suka ci gaba da wucewa barci bai dawo ba, ko abinci ya fita ranki, ko kin ga hankalinki yana kaucewa lokacin rabon magani a asibiti, ki ga likitanki ki kuma sanar da shugabar sashenku, domin aikin dare da duhun hunturu suna ƙara wa irin wannan nauyi. Na kuma lura da kika shiga damuwa sai da kika kira har Najeriya kafin ki samu wadda za ki yi wa kuka da Hausa. Leeds da Bradford da Manchester duk akwai 'yan gida, akwai masallatai da tarukan mata. Ko sau ɗaya a wata ne, ki sa yara a mota ku je, ki samu mace biyu ko uku da za ki iya kira da tsakar rana ba sai kin yi dogon bayani ba. Allah ya sanyaya zukatanku, ya daidaita tsakaninki da maigidanki.